Kafin a Rushe Tsohon Masallaci a Damari, a Leƙa Wusasa

A Wusasa, bayan garin Zariya ta wajen dutsen Kufena, akwai wani gini da baƙo zai iya wucewa yana zaton soron wani tsohon hakimi ne. Katangarsa ta ƙasa ce, mai kauri. Wanda ya shiga ciki ya ɗaga kai zai ga bakan gizo sun taso daga jikin bango sun haɗu a sama, irin aikin da ake gani a tsofaffin soraye na fada. Amma wurin ibadar Kirista ne, cocin St. Bartholomew, wanda aka gina a 1929 da hannun maginan Hausa, da ƙasar wurin da azarar giginya. Ya doshi shekara 100, kuma har yau yana tsaye.

Yadda aka yi ginin ya zo nan labari ne mai tsawo. A 1900 wata tawagar 'yan mishan ta ƙungiyar CMS, ƙarƙashin Bishop Tugwell, ta isa Kano, Sarki Alu ya sallame su ba tare da ɓata lokaci ba. Cikinsu akwai wani matashin likita, Walter Miller, wanda Zazzagawa suka riƙa kira Likita Mila. Ya zauna a Girku, daga baya a 1905 ya samu shiga birnin Zariya a zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi, ya buɗe makaranta da ɗakin shan magani. Zaman mishan a cikin ganuwa bai kwanta wa masarauta ba, bai kuma kwanta wa Turawan mulki ba, don haka wajen 1929 aka ba su fili a Wusasa suka koma. Can aka kafa coci da makaranta da asibiti. Wannan ɗan ƙauye ne ya raini Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, da Janar Yakubu Gowon.

Wannan tarihi an sha faɗarsa. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne ginin kansa. Baƙi ne suka zo daga ƙasar da ake gina wuraren ibada da dutse, jirgin ƙasa kuma ya riga ya iso Zariya kusan shekara 20 kafin nan, ga siminti ga kwano ga mai kuɗin saye. Duk da haka suka dubi aikin maginan gari suka ga ya isa a yi ɗakin ibada da shi, waɗanda suka gaje su kuma ba su kai masa diga ba. A cikin wannan tsawon lokaci, masallatan ƙasa na garuruwan Hausa, inda wannan fasaha ta kai ƙololuwarta, an bi su ɗaya bayan ɗaya an kwantar. Da dama daga cikinsu ruwan sama bai taɓa kayar da su ba. Jama'ar gari ne da kansu suka rushe su, da rana tsaka, ana murna ana addu'a, domin wani bawan Allah ya kawo bulo da kwano. Babban masallacin Kano na ƙasa ma haka ya tafi, aka maye shi da na siminti a farkon shekarun 1950, ƙauyuka kuma suka ɗauka cewa abin da birni ya yi shi ne wayewa.

Maganar ta fi shafar wuri irin Damari a yau. Garin yana gundumar Kazage, a gabashin ƙaramar hukumar Birnin Gwari, ƙasar noma ce mai albarka da ke jingine da daji. A 2022 mutanensa suka yi ta ficewa, sun shiga tsakanin 'yan bindigar daji da 'yan ƙungiyar Ansaru, suka bazu cikin garuruwan maƙwabta da abin da hannu zai iya ɗauka. A ƙarshen Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, aka yi zaman sulhu, aka sake buɗe kasuwar kara da ta shafe shekaru a rufe. Ko sulhun zai ɗore, wannan magana ce ta wata rana. Abin da ke gabanmu shi ne a sassa da dama na masarautar Birnin Gwari mutane sun fara komawa gonakinsu da kufansu, kuma duk wanda ya san ginin ƙasa ya san abin da za su tarar. Ɗakin da ya sha damina biyu ko uku babu mai yi masa yaɓe, indararonsa ya toshe, ciyawa ta tsiro a rufi, ruwa ya kwanta a sama ya sami hanyar shiga cikin azara.

Bayan mutum ya rufe ɗakin iyalinsa, abu na gaba da gari ke dubawa shi ne masallaci. A nan ne ɗan gari da ya yi arziki a Kaduna ko Abuja zai bayyana, ko ɗan siyasa, ko wata ƙungiyar agaji, da kyakkyawar niyya da zanen gini guda ɗaya wanda aka riga aka yi irinsa a ƙauyuka ɗari: bango huɗu na bulo, tagogin ƙarfe, rufin kwano, 'yar hasumiya mai koren fenti da lasifika. Sharaɗin kawai shi ne a share wurin. Dattawa ba za su iya cewa a'a ba, domin ba a mayar da hannun kyauta baya, balle kyautar masallaci. Cikin yini ɗaya samari za su kwantar da abin da kakanninsu suka yi shekaru suna ɗorawa, ba wanda ya auna shi, ba wanda ya ɗauki hotonsa, ba wanda ya tambayi tsohon ladan wane magini ne ya ɗaura bakan gizon.

Ƙasar Birnin Gwari kuwa tana da dalili na musamman da zai sa ta yi hattara, domin sunanta yana cikin tarihin maginin da ya fi kowa suna a ƙasar Hausa. Shi ne Muhammadu Durugu, wanda wasu ke kira Malam Mika'ilu, aka fi saninsa da Babban Gwani. Shi ya gina masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, kuma shi ake danganta wa gidan Madakin Bauchi a Kafin Madaki, wanda yake cikin jerin kayan tarihi na ƙasa. Har yau akwai unguwa mai sunansa a birnin Zariya. Masallacin nan na Zariya ya ja hankalin masana gini daga nesa. Wani ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya auna shi taku-taku ya zana, aka kuma gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos.

Labarin baka ya ce bayan Zariya, Babban Gwani ya zo Birnin Gwari ya gina masallaci, da ya gama sai sarkin lokacin ya sa aka kashe shi don kada ya gina wa wani wanda ya fi shi. Bai kamata a ɗauki wannan a matsayin hukuncin tarihi ba. Irin labarin nan yana bin manyan magina ko'ina a duniya, almajiran Larabci ma sun san na Sinimmar, wanda aka ce ya gina wa Sarki Nu'umanu fadar Khawarnaƙ aka jefo shi daga samanta. Abin lura a ciki shi ne masu ba da labarin sun yarda cewa a ƙasar Birnin Gwari an taɓa yin ginin ƙasa da ya kai a yi kishi a kansa. Na Zariya ya shiga littattafai da zanensa da awonsa. Na Birnin Gwari ya rage a bakin masu hira.

Mai ganin ginin ƙasa aikin talauci ne, da wuya ya taɓa tsayawa ya kalli yadda ake yin sa. Ba kowace ƙasa ake ɗiba ba, magini yana zaɓen jar ƙasa mai birji, wadda ba ta cika tsagewa ba idan ta bushe. A jiƙa ta, a zuba ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana ta ruɓa, a sake tattakawa. Daga nan a murza tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya shi a rana har ya bushe ƙarau. Wajen ɗorawa ana jera shi tsaye, kan yana sama, ana cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, kuma ba a ɗora sabon layi sai na ƙasa ya sha iska. Katangar tana farawa da kauri sosai a gindi tana sirancewa yayin da take hawa, shi ya sa take ɗaukar nauyin kanta. Wannan kaurin ne kuma ke riƙe sanyin dare ya sake shi da rana. Wanda ya taɓa yin sallar Azahar a watan Afrilu ƙarƙashin kwano marar silin, sa'an nan ya shiga tsohon soro, ba ya buƙatar injiniya ya yi masa bayani.

Gwanintar gaske tana wajen rufi. Azara, wato tsagin itacen giginya, tana da ƙarfi kuma gara ba ta cika cin ta ba, amma ba ta iya ɗaukar rufin ƙasa idan tazarar ta wuce kamar mita 2. To yaya za a rufe ɗakin da zai ɗauki sahu da yawa? Maginan Hausa suka warware wannan da bakan gizo. Ana dasa azara a cikin katanga ta leƙo waje kaɗan, a ɗaure wata a kanta ta ƙara leƙowa, a ɗaure wata, daga wannan bango da wancan, har su haɗu a tsakiya, sa'an nan a lulluɓe su da ƙasa su zama baka guda. Idan aka gicciya irin waɗannan aka yi ɗaurin guga, sai a sami rufi mai tudu kamar tulluwa, wanda ruwa ba ya kwanciya a kansa. Babu ƙusa ko ɗaya, babu ƙarfe. A saman rufin ana shafa laso, haɗin katsi daga marina da gashin jima daga majema da ruwan dafara, a jikin bango kuma makuba, daga ɓawon ɗorawa, don ruwa ya zame. Indararo yana jefa ruwan nesa da gindin katanga. Masallaci guda ɗaya, ashe, yana tsaye ne a kan sana'ar marini da majemi da mai sarar giginya da matan da suka yi daɓe, ba magini kaɗai ba. Shi ya sa idan marina ta mutu a gari, rufin masallaci yakan ji a jikinsa bayan 'yan shekaru.

Akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjarsu ba ta wasa ba ce, domin jini ne a cikinta. Ranar Juma'a 11 ga Agustan 2023, ana cikin sallar La'asar, wani sashe na masallacin Babban Gwani a Zariya ya rufto a kan masallata, aƙalla mutum 7 suka rasu. A farkon Satumban 2024 ruwan sama mai yawa ya kwantar da tsohon masallacin Damagaram, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19. Wanda ya rasa ɗan'uwa a ƙarƙashin ɓaraguzai ba za a yi masa wa'azin kyan bakan gizo ba. Ran mutum ɗaya ya fi kowane gini, kuma ginin da ya zama tarko a fitar da jama'a daga cikinsa tun kafin a fara muhawara.

Sai dai a duba abin da ya faru da kyau. A Zariya, Mai Martaba Sarkin Zazzau Ahmad Nuhu Bamalli ya shaida wa manema labarai cewa an ga tsaga a jikin ginin kwana ɗaya kafin ruftawar, ana shirin kawo masana su duba. Ginin ƙasa yana ba da sanarwa. Abin da ake rasawa shi ne mai hawa ya duba a kan kari, da mai ikon cewa yau ba za a yi salla a nan ba. Ban da haka, masallacin Zariya tun shekarun 1970 aka lulluɓe shi da ginin kankare, aka raba shi da irin kulawar da aka gina shi dominta. Haɗa siminti da ƙasa kuwa an ga sakamakonsa a wurare da yawa. A Larabanga, arewacin Gana, an shafe tsohon masallacinsu da siminti a shekarun 1970 da nufin kare shi. Simintin ya hana katangar numfashi, damshi ya taru a ciki, gara ta samu itacen, har wani ɓangare ya faɗi. Da aka zo gyara a farkon shekarun 2000, aikin farko shi ne kankare simintin a mayar da yaɓen ƙasa. Duk da haka har gobe a ƙauyukan Arewa, idan an ce za a gyara tsohon masallaci, buhun siminti ake fara saye.

Wasu za su ce hasumiyar Agadas mai tsawon mita 27, wadda aka fara ginawa a 1515 aka sabunta a 1844, ta daɗe ne don tana cikin hamada, hasumiyar Gobarau ta Katsina ma ba ta shan ruwa irin na kudancin ƙasar Hausa. Gaskiya ne. Amfanin misalin Wusasa ke nan: damina ɗaya take dukan ta da Damari, ruwan da ya kai ko ya haura milimita 1,000 a shekara, ga shi kuma ginin bai narke ba.

A Ingila, inda 'yan mishan ɗin suka fito, akwai wani ƙauye a arewa maso gabas mai suna Escomb. Cocinsa an gina shi wajen shekara ta 675, kimanin shekara 50 bayan Hijira, da duwatsun da aka kwaso daga kangon sansanin sojan Rum na Binchester. Har yau ana ganin tambarin wata rundunar Rum a jikin wani dutse da maginin ya ɗora a kife, domin shi dutse yake nema, ba rubutu ba. Cocin ɗan siriri ne mai tsawo, da ƙananan tagogi can sama, ba ya ɗaukar mutum ɗari. Da ma'adinai da masana'antu suka tara jama'a a yankin, sai aka raina shi, aka gina sabon coci babba a 1863, aka bar tsohon har rufinsa ya fara zubewa. Wasu 'yan tsiraru suka tara kuɗi aka gyara shi tsakanin 1875 da 1880. Bayan shekara kusan 100, jama'a suka ragu, sabon ginin ya zama kaya, aka rushe shi a 1971. Tsohon ne ake ibada a cikinsa yanzu.

Kada a ce ai dutse ne. Dutsen ma yana zubewa idan rufi ya yoye, kuma a yankin Devon na ƙasar akwai gidajen ƙasa zalla da suka yi ɗaruruwan shekaru cikin ruwan da ba ya ɗaukewa. Abin da ya riƙe dubban cocin ƙauye na zamanin da a Ingila tsari ne mai ban gajiya. Tun ƙarnonin tsakiya an raba nauyi: limamin coci shi ke da gyaran ɓangaren gaba, jama'ar ƙauye su ke da ɓangaren da suke zama, kuma akwai wakilai da ake zaɓa su riƙe kuɗin gyara su rubuta abin da aka kashe. A 1538 aka umarci kowane coci ya ajiye littafin baftisma da aure da jana'iza. A 1877 William Morris ya kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine, kuma abin ban sha'awa, waɗanda ya fito yaƙa ba maƙiya coci ba ne, masu kuɗi ne masu niyyar alheri da ke kankare tsohon gini su sabunta shi da sunan gyara. Tun 1955 kuma doka ta wajabta masanin gini ya duba kowane cocin Ingila duk shekara 5 ya rubuta rahoto. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ya fi ƙarfin kwamitin masallacin ƙauye. A Jenne ta ƙasar Mali ma ba rahoto ake rubutawa ba, rana ɗaya ake tsayarwa a shekara gari duka ya fito yaɓe, kuma masallacin da aka sake ginawa a 1907 yana nan.

Akwai kuma hujja ta addini, wadda ya kamata a ba ta girmanta. Masallaci wurin salla ne, ba gidan kallo ba, kuma Musulunci bai ɗora wa kowa bautar bango ba. Idan jama'a sun yi yawa dole a faɗaɗa. Tarihin masallacin Madina kansa ya nuna haka: an fara shi da tubalin ƙasa, ginshiƙansa kututturen dabino, rufinsa ganyen dabino, Sayyidina Umar ya faɗaɗa shi da irin kayan, Sayyidina Usman ya sake shi da dutse. Saboda haka ba wanda zai ce sabon gini laifi ne. Amma wannan tarihin ya kuma rufe bakin mai jin kunyar masallacin ƙasa. Sa'an nan akwai batun amana. Tsohon masallaci wakafi ne na waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, sun zuba guminsu suna fatan lada mai gudana. Rushe shi alhali yana gyaruwa, don kawai a sami inda za a manna allon sunan mai bayarwa, abu ne da ya dace malaman gari su tsaya su auna kafin su sa albarka.

Hanya ta uku tana nan, kuma Hausawa ne suka buɗe ta, a ƙauye, a jihar Tawa ta Nijar. A Yama, jama'a suka ɗora wa wani magini manomi, Falke Barmu, ginin masallacin Juma'a a 1962. Kowa ya kawo abin da yake da shi, wani tubali, wani ruwa, wani itace, wani hatsi. Bayan shekaru ya dawo ya sauya rufin da bakan gizo da tulluwa, ya ƙara hasumiyoyi huɗu waɗanda ba wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. A 1986 ginin ya ci lambar Aga Khan, ɗaya daga cikin manyan lambobin gine-gine a duniyar Musulmi. A Dandaji kuma, da tsohon masallaci ya lalace jama'a suka yi niyyar rushe shi, sai masu zanen gini biyu, Mariam Kamara 'yar Nijar da Yasaman Esmaili 'yar Iran, suka kawo wata shawara. Aka gyara tsohon ya zama ɗakin karatu, aka gina sabo babba a gefensa da tubalin ƙasa da ake matsawa a inji. An kammala a 2018. Gari ya sami wurin salla mai faɗi, yara suka sami inda za su yi bita, magina suka sami aiki.

Abin da ake nema daga Damari da Kuyello da Dogon Dawa da sauran garuruwan masarautar bai kai wannan tsada ba. Duk inda tsohon masallacin ƙasa ya rage, a fara kiran magini na gaske ya hau ya duba, ba ɗan kwangila da ribarsa ke cikin rushewa ba. Idan azara ta ruɓe a sauya ta, idan gindin katanga ya zaizaye a cike shi a gyara magudanar ruwa. Inda babu ƙarfin laso duk shekara, a yi wa rufin rumfar kwano daga sama, mai baki da ya zarce bango, a bar iska tana wucewa tsakani. Ba ta da kyan gani, amma ta ceci gine-gine da yawa. Mai son gina sabo a nuna masa fili a gefe, filin ƙauye bai ƙare ba. Inda kuma ginin ya wuce gyara, to kafin a sa diga a sami yaro mai waya ya ɗauki hotonsa ciki da waje, a auna shi da igiya, a zaunar da dattawa su faɗi wanda ya gina da zamanin wane sarki ko hakimi, a rubuta da boko da ajami a ajiye wurin liman. Sashen koyar da zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello yana da ɗalibai da ke neman irin wannan aiki kowace shekara, kuma Zariya ba ta da nisa. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ta san darajar masallacin ƙauye, tun da na Maigana a ƙasar Soba da na Bebeji suna cikin jerinta, amma wanda ya zauna jiran Abuja ta turo mai yaɓe zai daɗe.

Matsalar da ta fi wuya ita ce ta hannu da ta itace. Maginan da suka iya ɗaurin guga sun tsufa, 'ya'yansu sun koma bulo, ko acaɓa, ko ramukan zinariya da suka cika dajin Birnin Gwari, inda ake ganin kuɗi a yini. Ba za a zarge su ba, sana'ar da ba a biya ba a gadonta. Giginya kuma tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta ba da azara mai ƙarfi, ana sare manyan, ana tone muruci a kai kasuwa tun bai zama itace ba, ba mai shukawa. Masarauta tana da abin yi a nan wanda gwamnati ba za ta iya ba. Mai Martaba Sarkin Birnin Gwari, Malam Zubairu Jibril Maigwari II, yana iya sa hakimai da dagatai su kawo sunayen maginan ƙasa da suka rage a kowace gunduma da tsofaffin masallatan da ke tsaye, a kuma sa sharaɗi cewa ba a rushe ko ɗaya sai da sanin fada. Mai neman lada da dukiyarsa yana iya ɗaukar nauyin yara biyu su bi tsohon magini na shekara uku, ko ya yi wakafin gona wadda amfaninta zai riƙa biyan yaɓe, ko ya killace fili a bakin fadama a shuka giginya a hana tonon muruci a ciki.

Lokacin aikin ma ƙayyadadde ne. Ana kwaɓa ƙasa ne bayan an kai amfanin gona gida, lokacin da hannaye suka samu sarari kuma rana ke busar da tubali, a gama ɗori da laso kafin hadarin farko ya haɗo a Afrilu ko Mayu. Kwamitin masallacin da ke son ceton gininsa, a watan Nuwamba ya kamata ya zauna da magini, ya tsayar da ranar gayya, ya aika Zariya ko Kano neman katsi tun marina ba su zubar ba.